Duwatsun Gonar Ma'u

Ranar da aka raba gadon mahaifin Lawal, babu wanda ya miƙa hannu wajen gonar kan tudu. 'Yan'uwansa suka kwashe na fadama da na jigawa, aka bar masa wadda ke can sama a bayan garin Ƙofa, inda iska ba ta hutawa, fartanya kuma ba ta nitsewa sai ta ci karo da dutse. Lawal mutum ne mai sanyin hali, ya ce ya gode. Matarsa Ma'u ce ba ta gode ba, kuma ta faɗa a gaban kowa. Sai ga shi da Allah ya karɓi ransa bayan doguwar jinya a Kankia, wannan gonar da aka raina ita ce ta riƙe Ma'u da 'ya'yanta huɗu.

Ma'u 'yar garin Boko ce, gajeriya, mai murya kamar ta mutum biyu. Sana'arta daddawa, tana kai wa kasuwar Kusada. Babbar ɗiyarta Shamsiyya tana aure a Kankia, Ma'u ba ta faɗin sunanta saboda 'yar fari ce, sai dai ta ce "waccan ta Kankia". Mai bi mata Sagir yana acaɓa a Kusada. Sauran biyu mata ne, suna gida suna makaranta. Bayan ta fita takaba masu neman aure sun zo, kowanne ta tambaye shi ko zai hau tudu da fartanya. Ba wanda ya dawo ba ta amsa. Ita ta ci gaba da hawa.

Gonar tana da abin da babu a sauran gonaki. Ban da duwatsun Allah da suka tsiro daga ƙasa, akwai waɗansu da ko makaho ya shafa ya san hannu ne ya aza su. An jera su zobe-zobe, kowane zobe kamar a shimfiɗa tabarma biyu a ciki, da dutse guda a zaune a tsakiya. In ka duƙa za ka ga an cusa ƙananan duwatsu a gindin kowanne don kada ya motsa. Daga gabas akwai falalen dutse mai ramuka masu santsi kamar cikin akushi, da damina su cika da ruwa tsuntsaye su sha. Daga arewa kuma, inda gonar ta ƙare, akwai wani dogon tsibin duwatsu da ya yi baƙi, ciyawa ta cinye rabinsa. Ba wanda ya san wanda ya yi su. Kakan Lawal tarar da su ya yi, shi ma nasa kakan haka.

Lawal da hannu yake nomansa, bai taɓa ɗaga ko ɗaya ba. Kunyoyin gonarsa ba sa miƙewa, sai su taho su karkata su kewaye zobe su wuce, kamar hanyar tururuwa. Masu wucewa suna yi masa dariya. Ma'u ma ta yi masa, amma da gonar ta dawo hannunta haka ta ci gaba da yi, don ba ta san wata hanya ba.

Daminar bara bayanta ya ƙi. Ta samu ta yi noman farko da ƙyar, tana yi tana dafa ƙugu. Gero ya kai gwiwa, lokacin huɗa ya yi, wato a tara wa gero ƙasa a gindi a binne ciyawa. Sagir ya ga uwarsa tana tafiya a karkace, tausayi ya kama shi, ya ɗauko mata Kamalu mai garmar shanu.

"Kamalu, ka bi a hankali," in ji Ma'u. "Duwatsun ga kewaye su ake yi."

"Gwaggo, shanu ba su san kewaye ba. Ke dai ki samu inuwa ki zauna, yau ki ga aikin zamani."

Bai yi nisa ba bakin garma ya kama dutsen gefen wani zobe ya kifar da shi. A ƙarƙashi sai ga tsingaro, gutsattsarin tsohuwar tukunya, da wani ƙashi jajaja da bai wuce tsawon tafin hannu ba.

A nan ƙasar tamu in an kwantar da mamaci, da itace ko fasassun tukwane ake rufe ramin ciki kafin a tura ƙasa. Kamalu kuwa tun tasowarsa yake rakiyar gawa. Yana ganin tsingaro da ƙashi wuri ɗaya sai ya saki garma, ya kama salati, ya tuɓe takalmansa. Bai tsaya tambayar kowa ba, ya zaro waya ya ɗauki hoto. Kafin Ma'u ta sauko daga tudu hoton ya riga ya isa Kankia.

Da la'asar mai unguwa Dawuda ya hau da mutane. Bai shiga ba, daga bakin gona ya hanga ya gyaɗa kai. Ya sa aka saro ƙaya aka toshe hanyar shiga.

"Tsohuwar maƙabarta ce," in ji shi. "A bar ta haka sai manya sun zo sun duba. Ke kuma Ma'u kin san mace ba ta shiga maƙabarta."

"Ranka shi daɗe, shekara nawa ina shiga?"

"Da ba a sani ba. Yanzu an sani."

"An san mi? Wa ya duba?"

"Za a duba."

"Yaushe? Geron ga zai tsaya jiranku?"

"Ma'u, ki ji tsoron Allah. Ana maganar mamata kina maganar gero."

Magana ce mai sauƙi a bakin wanda gonarsa ta fadama ta sha huɗa tun tuni. Saro ƙaya bai ɗauke su komai ba. Dubawar ce ta gagara, don damina ce, kowane babba yana gonarsa. In ta je wurin mai unguwa a ce gobe. In goben ta yi a ce liman ya yi tafiya. In liman ya dawo a ce ai ba aikin liman ba ne.

Ruwa kuwa bai fasa sauka ba. Kullum da safe sai Ma'u ta hau tudu ta tsaya a gindin aduwar da ke bakin gona, ƙaya a gabanta, tana kallon harƙiya tana miƙewa. Da farko ciyawar a gindin gero take. Daga baya ta kamo shi. Ganyen geron da ke kore shar ya fara yin fatsi-fatsi daga ƙasa. Tana gani, hannunta yana ƙaiƙayi, tsakaninta da shi bai fi ta miƙa fartanya ba, amma ba dama. In gonar nan ta tafi, ba ta da wata. Daddawa miya take yi, ba ta yin tuwo.

Akwai kuma tsoron da ba ta gaya wa kowa ba. To in gaskiya ne fa? A kan dutsen tsakiyar zoben nan take zama ta sha fura. A nan ta sha shayar da 'yar autarta. Geron da ke cikin rumbunta na gida daga can ya fito, shi ta ciyar da 'ya'yanta tun suna rarrafe. In ta kai lomar tuwo baki sai ta mai da ita kwano. Ta kan dubi 'yan matan suna ci hankali kwance, ta kawar da kai.

Mutane ma ba su bar ta da abin da ke damunta ba. Maƙwabciyarta Halima ta aro kwanon gero da safe, kafin azahar ta maido shi ko ƙwaya ba ta taɓa ba, wai ta samu wani. Ranar kasuwar Kusada Ma'u ta dawo da rabin daddawarta. Jama'a, daddawa da kalwa ake yin ta, kalwa kuma a bishiyar ɗorawa take, ina ruwanta da tudu? Amma bakin mutane ba ya tambayar wannan. Shamsiyya ta bugo waya.

"Inna, dangin maigidana suna tambayata wai da hatsin kabari aka rene mu."

"Ki ce musu da shi aka rene ki, kuma da suka zo neman aurenki shi suka ci har da ƙari."

Ta kashe wayar, sannan ta zauna a bakin murhu.

Wata safiya Manu ya same ta a gindin aduwa. Bafillace ne makiyayi, da rani a gonarta yake sauke shanunsa su ci kara su bar mata taki, tun zamanin Lawal suke wannan hulɗa. Ya saurari labarin yana jingine da sandarsa.

"Ina ƙashin yake? A ba ni in gani. Ni da ƙashin dabba tun ina ɗan mitsitsi, in na saniya ne ko na akuya zan gaya miki."

Ma'u ta ji kamar an sauke mata kaya. Ta sauko da sauri har tana tuntuɓe, ta nufi gidan mai unguwa. A nan ta ji abin da ba a gaya mata ba. Tun yammacin ranar farko an naɗe ƙashin a farin ƙyalle, an kai shi maƙabartar gari an rufe, har da addu'a. Da ta koma ta gaya wa Manu, ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

"Allah shi sa ba maraƙin babana aka yi wa sutura ba!"

Ita ba ta yi dariya ba. Abu ɗaya da zai raba gardama an kai shi inda ba mai iya tono shi.

Washegari ta bi hanyar Boko. Can akwai Sodangi, ƙanen kakanta, wanda ya tsufa yana haƙar kabari har gwiwoyinsa suka gaza. Ta same shi a zaure yana tufkar igiya. Kasancewarta jika, wasa ne tsakaninsu.

"A'a, amarya! Yau an tuna da miji? Ina tuwona?"

"Wane miji, tsoho ba haƙori? Tashi, aiki na kawo maka."

"Wa ya mutu?"

"Shi nake so ka zo ka gaya mini."

Ya ajiye igiyar ya dube ta. Da ya ga idonta sai ya bar wasan.

Ranar Juma'a da hantsi, da yake ba a cika zuwa gona ba, Sagir ya ɗauko shi a babur har gindin tudu, daga nan aka rirriƙe shi zuwa sama. Mai unguwa ya zo, Kamalu ya zo, da duk wanda ba shi da aikin yi. Aka janye reshen ƙaya ɗaya, maza suka tuɓe takalma suka shiga. Mai gona kuwa aka bar ta a waje.

Sai dai ciyawa ta rufe komai, suka yi ta dawurwura ba su ga ko zobe ɗaya ba. Dole ta riƙa yi musu kwatance daga bayan ƙaya da wannan murya tata.

"Ba nan ba! Ku bi hagu, wajen sabarar can! Kamalu, kana taka mini gero, ko shi ma mamaci ne?"

Da suka isa zoben, Sodangi ya zauna a ƙasa dirshan. Ya yaye ciyawa da sanda, ya shafa duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa gindinsu. Ma'u tana hangen ƙeyarsa, tana karanto duk abin da ya zo bakinta.

"Dawuda," in ji tsohon, "kai da ka raka gawa ta fi a ƙirga, yaya muke kwantar da mamaci?"

"Kai kudu, ƙafa arewa, fuska gabas."

"Awo. A miƙe ko a naɗe?"

"A miƙe mana, Baba."

"To wane mamaci ne aka naɗe shi kamar gammo? In ka koma gida ka duƙa ka leƙa gindin rumbunka. Duwatsu a kewaye, guda a tsakiya, don gara da damshi. Mazaunin rumbu ne wannan. Rumbun ya narke tun duniya na kwance, duwatsun suka rage."

Wani daga baya ya yi dariya ya maƙe. Mai unguwa ya gyara hula.

"Rumbu a kan tudun ga? Ina ruwan sha? Wa ya taɓa zama nan?"

"Waɗanda suka riga kakannin kakanninmu. Wanda tsoro ya koro ba ya tambayar rijiya, tudu yake nema." Ya ɗauki tsingaro guda ya juya. "Ga baƙin wuta a gindinta. Tukunyar miya ce. Mu dai ba mu taɓa rufe mamaci da guntun da bai kai tafin hannu ba."

Aka nuna wa tsohon sauran zobban, ya ce duk rumbuna ne, sannan aka kai shi falalen dutse mai ramuka. Kafin ya buɗe baki Ma'u ta ɗaga murya.

"Na niƙa ne! Na sha niƙa barkono a ciki in na manta da na gida!"

"Kun ji amaryata," in ji Sodangi. "Ta riga ni."

A karo na farko tun da aka saro ƙayar nan Ma'u ta ja numfashi ya kai mata ciki. Har ta fara lissafin ta inda za ta soma cire ciyawa. Sai ta ga ayarin ya juya ya nufi arewa, wajen tsibin.

A can dariya ta ɗauke. Tsohon ya sa aka kewaya da shi, ya tsaya, ya ce a sake. Ya dubi rana, ya dubi yadda tsibin ya kwanta. Daga inda take ba ta jin abin da ake cewa, sai ta ga maza sun yi cirko-cirko, wasu sun ja da baya. Ta kira Sagir, bai waiwayo ba. Da suka dawo bakin gona, fuskar Sodangi ba wasa a cikinta.

"Wancan ban sani ba," in ji shi.

"Kamar yaya ba ka sani ba, Kaka?"

"Yadda kika ji. Ba kwanciyar mamatanmu ba ce, a karkace yake. Amma ba rumbu ba ne. Manomi in ya tsince dutse a gona watsarwa yake yi. Wancan jera shi aka yi, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ko iyaka ce, ko wurin wata al'ada tasu, ko kuma akwai mutum a ciki."

"To a tona a gani mana," in ji Kamalu.

"Ni rufewa na iya, yaro. Ban taɓa buɗe kowa ba, ba zan fara da tsufana ba."

Mai unguwa kamar jira yake. "To kun dai ji. Tunda akwai shakka, a mai da ƙaya. Sai an sanar da na sama sun turo wanda zai duba."

Ma'u ta san ma'anar na sama. Sai kaka ta wuce, sai an manta da ita. Ta dubi geronta da ya sunkuyar da kai cikin harƙiya. Ta juyo wajen mai unguwa.

"Ranka shi daɗe, zobe nawa aka nuna maka, duk rumbuna? Ka ji da kunnenka. Saboda tsibi ɗaya da ke can ƙarshe za ka kashe mini gona sukutum? In akwai mutum a ciki, ya kwana da gero a gefensa tun kafin a haifi kakanka, marigayi bai taɓa taka shi ba, ni ma ban taka ba. In kun rufe, ka gaya mini gidan wa zan kai 'yan matan can su ci tuwo. Naka?"

Masu kallo suka shiga duban ƙafafunsu.

Sodangi ya buga sandarsa a ƙasa. "A kwashe ƙayar a kewaye tsibin, a bar mishi fili. Ko wane ne a ciki, in akwai shi, ɗan Adam ne, yana da alfarma. Sauran kuwa gona ce. In da zunubi a ɗora a wuyana. Na kusa tahiya, ni zan yi bayani da kaina."

Mai unguwa ya ce shi dai ba da yawunsa ba, amma bai hana ba. Da aka zo jan ƙayar kuwa shi ya tsaya a kai, ya yi ta cewa a ƙara matsowa, a ƙara matsowa, har aka haɗa da inda shanun Manu suke kwana, wurin da ya fi ko'ina taki. Ma'u ta gani ta haɗiye. Kamalu ya rantse shanunsa ba za su sake hawa tudun nan ba. 'Yan ƙwadago ma da Sagir ya tuntuɓa a wurin, kowa ya ce yana da uzuri.

Lokacin masallaci ya gabato, maza suka sauka da tsohon. Aka bar Ma'u ita kaɗai, hanya a buɗe a gabanta. Abin da ta yi ta nema kenan. Sai ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Tsoho ne fa, idonsa ya yi rauni, kuma da bakinsa ya ce akwai abin da bai sani ba. In ya yi kuskure a zobban ma, ita ce macen da ta taka kan mamata da saninta. Ta tsaya tana duban ciyawa tana kaɗawa. Ta rasa ma irin gaisuwar da za ta yi, ta shiga gida ko ta shiga maƙabarta. Daga ƙarshe ta yi sallama kawai, irin wadda ake yi a ƙofar kowa, ta jira kaɗan kamar za a amsa, sannan ta tuɓe takalmi ta shiga.

Ta duƙa, ciwon bayan ya amsa mata har cikin kai. Ta kama harƙiya da hannu biyu ta tumɓuke. Bayan an sauko Juma'a Sagir ya jingine babur a gindin tudu ya hau ya kama mata, haka suka yi ta yi su biyu har suka kai ƙarshe. Geron gefen gabas ya farfaɗo. Na tsakiya ya riga ya shaƙe, ya fitar da kai ƙanana kamar yatsa. Abin da ta ɗaure a kakar nan bai kai rumbunta rabi ba, tun kafin bazara ta fara awo a kasuwa.

Bana ma ta shuka, da hannu, kunyoyin suna kewaye zobba. Na sama har yau ba su turo kowa ba. In aiki ya kai ta kusa da tsibin takan rage murya, kuma ba ta yarda ta ba shi baya.